Wasiƙa zuwa ga aminina a kan gyaran manhaja da shiga jami'a

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin an sa ka cikin kwamitin da zai duba manhajar manyan azuzuwan sakandare. Allah ya taya ka riƙo. Shawara ka nema, to ga ta ba kwana-kwana.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne cewar da ka yi manhaja kaɗai aka ba ku. Ba za ta gyaru ita kaɗai ba. Abu uku ne igiya ɗaya ta ɗaure: abin da ake koyarwa, yadda ake auna ɗalibi a shekarar ƙarshe, da lissafin da jami'a ke yi kafin ta ba da gurbi. Na ƙarshen ne kuma ke jan sauran. Malami abin da zai fito a jarrabawa yake koyarwa, ɗalibi kuma darasin da zai kai shi jami'a yake zaɓa. Ku rubuta a manhaja cewa yara su shiga ɗakin gwaje-gwaje, su yi bincike, su iya tsayawa gaban jama'a su yi bayani. Muddin takardar ƙarshe tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu ce, hadda za a yi. Saboda haka ku nemi a zaunar da hukumar jarrabawa da wakilan jami'o'i tare da ku tun zaman farko. Daga ƙofar jami'a za ku fara, ku dawo baya.

Gardamar da za ta fi cin lokacinku ita ce rabon maki: nawa ne na aikin aji, nawa ne na jarrabawar gama-gari. Jarrabawar awa uku ba ta iya auna aikin hannu, kuma yaron da zazzaɓi ya kama ranar ya yi asarar shekaru. Makin aji kuma yana hannun malamin da ya san yaron, ya san iyayensa, shugaban makaranta kuma yana kansa, yana son sunan makaranta ya fita. Kada ku tsaya jayayya a kan kashi 30 ko 40. Tambayar da ta fi ita ce: wa zai duba makin da malami ya bayar?

Dubi yadda jihar Kwinsland ta Ostireliya ta yi. Tun farkon shekarun 1970 ta daina jarrabawar gama-gari a kan darussa, ta bar wa makarantu, sai a 2020 ta dawo da ita. Yanzu kowane babban darasi na neman jami'a ma'auni huɗu gare shi, uku a makaranta, ɗaya daga hukuma. A yawancin darussa na makaranta ke ɗauke da kashi 75, na hukuma 25. A lissafi da kimiyya kuwa raba-daidai ne. Amma ƙarfin tsarin yana cikin matakai biyu da ba a cika ambata ba. Kafin makaranta ta ba ɗalibai aikin da za a ƙirga, sai ta aika da tambayoyin ga hukuma an duba ko sun dace da manhaja. Bayan malami ya ba da maki, hukuma ta karɓi samfurin takardun ɗalibai, wasu malamai da aka horar, daga wasu makarantu, su sake dubawa bisa ƙa'idar ba da maki iri ɗaya, a gyara in an yi sassauci ko tsanani. A nan ka dage a kan abu guda: hukuma ce za ta zaɓi takardun da za a duba. In aka bar wa makaranta, masu kyau za ta tsince.

Wannan hanya tana cin kuɗi da lokacin malamai. Akwai mai sauƙi, wadda jihohin Biktoriya da Niyu Sawut Wels, su ma na Ostireliya, ke bi, wato a daidaita makin aji da sakamakon jarrabawar gama-gari. Misali, a ce makaranta ta ba 'yan ajinta matsakaicin 78, da suka zauna ta hukuma sai matsakaicinsu ya tsaya a 60. Sai a sauko da makin ajin duka zuwa wannan mizani, ba tare da an taɓa jerin da malami ya yi ba: na ɗaya yana nan na ɗaya, na goma yana nan na goma. Malami ya fi kowa sanin wa ya fi wa a ajinsa, abin da bai sani ba shi ne matsayin ajinsa a cikin ƙasa. Inda hanyar ke tuntuɓe shi ne ƙaramin aji. In ɗalibai shida ne, rashin lafiyar mutum ɗaya ya isa ya ja sauran ƙasa, don haka sai an yi wa irin waɗannan azuzuwa tanadi daban.

Abin da ya faru a Ingila a 2020 ya kamata kowane ɗan kwamiti ya sani. Korona ta hana jarrabawa, sai aka karɓi hasashen malamai aka daidaita shi da sakamakon da makarantar ta saba samu a shekarun baya. Wajen kashi 39 cikin 100 na makin A-level, wato jarrabawar kammala babbar sakandare, aka rage. Haziƙin yaro a makarantar da ba ta saba fitar da gwanaye ba ya ga an hukunta shi da sakamakon yayyensa, su kuwa ƙananan azuzuwa, waɗanda suka fi yawa a makarantun kuɗi, aka bar musu makin malamansu. Ranar 13 ga Agusta aka fitar da sakamako, ranar 17 gwamnati ta janye. Da aka koma ga makin malamai, masu samun babban maki na A zuwa sama suka tashi daga kusan kashi 25 a 2019 zuwa sama da 44 a 2021. Ka ga kowane ɓangare da ciwonsa. Ana daidaita yaro da abin da shi da 'yan ajinsa suka rubuta a bana, ba da tarihin makarantarsu ba.

Sai maganar zaɓin darussa, kuma a nan ne na fi jin tsoron gyaran gangar Abzinawa. Kowa na son a ba yara 'yancin zaɓi, amma da zarar an haɗa makin darussa daban-daban aka fitar da lamba ɗaya ta shiga jami'a, yara da iyayensu sai su koma lissafin riba. A ƙasar Sin, Shanghai da Zhejiang sun fara gwajin tsarin darussa uku na dole da uku na zaɓi a 2014. Makin na zaɓi bisa matsayin ɗalibi a cikin waɗanda suka ɗauki darasin ake ba da shi. Tunda gwanaye ne suka taru a fiziks, matsakaicin ɗalibi ya ga in ya shiga cikinsu a ƙasa zai ƙare, sai ya gudu. Gudunsa kuma ya sa gasar ta ƙara zafi ga waɗanda suka rage. Lardunan da suka biyo baya da yawa sun sauya, suka ce dole ɗalibi ya ɗauki fiziks ko tarihi, sannan ya zaɓi biyu. Magani biyu ne. A daidaita maki tsakanin darussa ta hanyar duba yadda masu ɗaukar darasi ke yi a sauran darussansu, don kada 70 a darasi mai tsananin gasa ya zama daidai da 70 a inda gasar ba ta kai ba. Sannan jami'o'i su fito fili su faɗi darussan da kowane fanni ke buƙata, tun kafin yaro ya zaɓa.

Faransa ma ta ɗanɗana. A gyaran da aka fara jarrabawarsa a 2021 ta soke tsoffin rukunai na kimiyya, adabi, da tattalin arziki, ta ba aikin aji kashi 40, ta kuma cire lissafi daga darussan dole. Ɗalibai da yawa suka bar shi, musamman 'yan mata, har sai da aka mayar da shi a 2023. Wani kuskuren na kalanda ne. An sa manyan takardu a watan Maris don sakamako ya riski neman gurbin jami'a, sai azuzuwa suka yi fayau a zangon ƙarshe, malamai kuma suka yi ta tseren ƙare manhaja. Daga 2024 aka mayar da su Yuni. Ranar jarrabawa ita ce ranar da karatu ke ƙarewa, ko me aka rubuta a jadawali.

Game da lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ya riga ya zaɓi darussa a tsohon tsari, a bar shi ya ƙare a kai. Sabon tsari ya fara da masu shiga ajin farko na babbar sakandare, kuma kafin su shiga a ce manhaja, littattafai, samfurin tambayoyi da ƙa'idar maki duk suna hannun malamai. A yi jarrabawar gwaji da ba a ƙirgawa shekara guda kafin ta gaske, a makarantun birni da na ƙauye, don a gano tambayar da ta yi tsauri da lokacin da bai isa ba. In za ku ƙara sabon abu a manhaja, ku ƙirga awannin zango ku faɗi abin da za a cire. Kwamiti ya iya ƙari, bai iya ragi ba, ƙarshe malami ne ke yanke abin da ya ga dama a ɓoye.

Kada kuma ku manta da ƙofar ƙorafi. Ɗalibi ya sami damar ganin takardarsa, ya nemi a sake haɗa maki ko wani daban ya sake dubawa, kuma a ba shi amsa kafin jami'o'i su rufe ɗauka. Aikin da ake yi a gida ma a rage nauyinsa, ko a sa yaro ya kare shi da baki gaban malami, domin mai gata akwai wanda zai rubuta masa, yanzu ga kwamfuta ma tana rubutawa.

In daftarin farko ya fito, aiko mini da shafin rabon maki da na kalanda, su zan fara dubawa. Ka gaida mini maiɗakinka da yara, da Baba in kun yi waya. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka