Tsatsa na cin tukwanen iskar masu nutso

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin hukumomin agaji da masu aikin ceto a Kogin Kwara da tafkin Kainji kan tukwanen iskar da masu nutso ke goyawa. Aikina ke nan a Legas, cika su da duba lafiyarsu, kuma abin da nake gani yana tayar mini da hankali.

Tukunyar ƙarfe tana ɗaukar iska mai matsin "bar" 200 ko fiye ("bar" ma'aunin matsin iska ne). Tsatsa ba ta fara cin inda ido ke gani, a ƙarƙashin robar da ake sa wa gindin tukunyar take ɓuya, inda ruwa ke kwana. Na sha cire robar in tarar da gindin ya yi jawur, fenti yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, alhali sama fes.

Bayan kowane nutso a cire robar, a ɗauraye da ruwan daɗi, a bari ta bushe sarai. In tsatsar ta sama ce, burushin ƙarfe a hannu ya isa, sai a shafa fenti mai zinki. Don Allah kada a kai wa mai walda, kada a sa mata wuta ko injin goge ƙarfe. Zafi yana raunana ta. Wadda ta yi ramuka masu zurfi kuwa a daina cika ta.

A kai wa ƙwararre ya duba duk shekara, a gwada ƙarfin tukunyar da matsin ruwa duk shekara 5.

Naka,
Wani mai gyaran kayan nutso, Apapa, Legas