Gidajen Dutse na Alberobello da Maginan Ƙauyukanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani ƙaramin gari na ƙasar Italiya, wanda hotunansa ke yawo a wayoyin matasanmu ana yi musu kallon abin sha'awa kawai, ba tare da an tambayi yadda aka yi gidajen suka kai yau a tsaye ba.

Sunan garin Alberobello, yana yankin Puliya a kudancin ƙasar, kudu maso gabas da birnin Bari, mazaunansa kuma kimanin 10,000 ne. Abin da ya fito da sunansa shi ne gidaje sama da 1,500 da ake kira trulli, fararen ɗakuna masu rufi mai tsini, waɗanda duk ɗan karkarar da ya gan su rumbu zai fara faɗo masa a rai.

Ƙasar wurin cike take da farin dutse irin wanda ake ƙonawa a samu farar ƙasa, manomi kuwa ba ya samun wurin shuka sai ya tsince shi daga gona. Da wannan dutsen suka yi gini, ba siminti, ba kwaɓi. Magini yakan fara da haƙa ramin tara ruwan sama a ƙarƙashin gidan, saboda ruwa a yankin nutsewa yake yi cikin dutse, sannan ya tayar da bango da duwatsun da ya fitar daga ramin. Bangon ninki biyu ne, a cike tsakaninsu da tsakuwa, kaurinsa kuma shi ke riƙe sanyi a lokacin zafi, ya riƙe ɗumi a lokacin hunturu. Gwanintar tana wajen rufi. Ana jera duwatsu a kewaye, kowane layi ya ɗan zarce na ƙasansa ta ciki, a yi ta hawa har bakin ya tsuke a toshe shi da dutse guda, duk ba tare da an kafa katakon tallafi ba. Daga nan sai a lulluɓe shi da siraran duwatsu masu faɗi, a karkata su waje yadda ruwa zai gangara ya bi indararo ya faɗa ramin. Kowane rufi ɗaki ɗaya ne, idan iyali suka ƙaru sai a manna wani a gefe.

Labarin da aka fi yayatawa shi ne cewa masu mulkin yankin, zuriyar Acquaviva na garin Conversano, su ne suka hana manoman da suka zaunar a wurin yin gini da kwaɓi, domin a iya rushe ɗakunan cikin gaggawa idan jami'an Sarkin Napoli sun zo, a kauce wa harajin da ake ɗora wa sabon gari. Labarin yana da daɗin ji, amma a ganina an cika masa gishiri, tunda akwai irin waɗannan ɗakuna warwatse a gonakin yankin baki ɗaya. Abin da ya tabbata shi ne a 1797 Sarkin Napoli, Fardinan na huɗu, ya 'yantar da garin daga hannun wannan zuriya, kuma a shekarar ne aka gina Casa d'Amore, gidan da ake nunawa a matsayin na farko da aka yi da kwaɓi a fili. Duk da haka mutanen ba su yar da fasalin kakanninsu ba, har cocin da suka gina a 1927 da irin wannan rufi suka yi shi.

Gwamnatin Italiya ta sanya unguwar Monti cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1910, hukumar UNESCO kuma ta shigar da gidajen cikin kayan tarihi na duniya a 1996. Sai dai yawancin ɗakunan Monti sun koma shagunan sayar wa baƙi tsaraba, unguwar Aia Piccola ce har yanzu iyalai ke zaune a cikinta. Ni dai wannan ta biyun ta fi burge ni. Kuma ba doka kaɗai ta tsayar da gidajen ba: rufin da babu siminti yana buƙatar mai gyara, akwai kuma magina da wannan ce sana'arsu, wato ginin dutse ba kwaɓi, wadda UNESCO ta amince da ita a 2018 a matsayin gadon da ya cancanci kariya.

A nan ne nake jin takaicin halin da muke ciki. A ƙauyukanmu na ƙasar Birnin Kudu, maginan da suka iya dunƙula tubali, su jera azara, su yi ɗaurin guga, su shafe bango da makuba, duk sun manyanta, 'ya'yansu kuma bulo suka koya. Ban ga laifin wanda ya koma bulo da kwano ba, domin wanda ya ga yadda ambaliyar 2022 ta kwantar da gidajen ƙasa a Jigawa ba zai yi masa gori ba. Amma soro da yawa ba tsufa ke kayar da su ba, rashin yaɓe ne kafin damina, da rashin wanda zai duba azarar da gara ta ci.

Saboda haka ina kira ga gwamnatocin Jigawa da Kano da masarautunmu da su tattara sunayen Sarakunan Magina da sauran gwanayen da suka rage, a haɗa kowanne da yaran da za a riƙa biyansu alawus, a kuma ba su aikin gyaran zaurukan dagatai da tsofaffin masallatan ƙasa maimakon a rushe su a kira ɗan kwangila. Haka kuma ya kamata kwalejojin fasaha na jihohin biyu su gayyaci waɗannan dattawa su koyar da ɗaliban sashen gine-gine, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga ƙaramar hukumar Birnin Kudu, Jihar Jigawa.