A yi wa karnuka allura tun kafin cizo ya kai ga yara

Mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu da hukumomin lafiya kan cututtukan da mutane ke ɗauka daga dabbobi, musamman cutar haukan kare, wadda a ganina ba a ba ta kulawa daidai da ɓarnar da take yi ba.

Masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin ɗan Adam daga dabbobi suka samo asali. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi, ita kuma Ebola, da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Yammacin Afirka tsakanin 2014 da 2016, ana danganta ta da jemagu. Irin waɗannan suna cika kanun labarai domin da annoba suke zuwa. Haukan kare kuwa ɗaiɗai take ɗaukar mutane, shi ya sa ba a cika jin labarinta ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Abin da ya sa cutar ke yaudarar jama'a shi ne jinkirinta. Ƙwayar tana cikin yawun dabbar, tana shiga jiki ta cizo ko yagushi, ko ta hanyar lasar wani rauni, sannan ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, tafiyar da galibi kan ɗauki wata biyu zuwa uku. Kafin nan raunin ya warke, iyaye sun manta. Sai wata rana yaro ya tashi da zazzaɓi yana ƙorafin ƙaiƙayi a wurin tabon, daga nan kuma ya shiga halin da ba wanda zai so ya gani: ƙishirwa na cin sa, amma da an miƙo masa ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya kau da kai a firgice. Idan aka kai wannan mataki, da wuya a sami wanda ya rayu, ko a wane asibiti aka kai shi. Haka kuma ba kowane kare mai cutar ne ke hauka yana kai farmaki ba. Wani sai ya yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu a bakinsa don ya ciro.

Abin takaici shi ne an daɗe da sanin mafita. Tun ranar 6 ga Yuli, 1885 masanin kimiyya Louis Pasteur ya gwada allurarsa ta haukan kare a Faransa kan wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya ciza, kuma yaron ya rayu. Har yau matakin farko bai wuce ƙarfin kowa ba: a wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15, kada a ɗaure shi, sannan a je asibiti a ranar domin a fara allura, ba tare da jiran a ga abin da zai faru da karen ba. Idan cizon ya yi zurfi, ko ya zo a fuska ko wuya, gaggawar ta fi yawa, domin hanyar zuwa ƙwaƙwalwa ta gajarta.

Amma jiran sai an ciji mutum sannan a nemi allura, tsari ne mai tsada wanda kullum talaka ne ke faɗuwa a cikinsa, domin shi ne ke nesa da asibitin da ke da maganin. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka, kuma an tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura a kai a kai, cutar kan daina yawo a tsakaninsu. Ƙasashen Latin Amurka sun kama wannan hanya tun 1983, suka rage masu kamuwa da fiye da kashi 95 cikin 100, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Meziko ta kawar da cutar da mutane ke ɗauka daga karnuka. Shi ya sa ba na goyon bayan kashe karnuka barkatai da ake yi duk lokacin da aka ciji wani, domin har waɗanda aka yi wa allura ake haɗawa, kuma ba a daɗewa wasu da ba su da rigakafi su maye gurbinsu.

A 2015 hukumomin lafiya na duniya suka sa 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa ta dalilin cizon kare mai cutar. Lokaci ya ƙure, kuma ban ga yadda za a cimma wannan buri ba matuƙar likitan mutane da likitan dabbobi kowa na aikinsa shi kaɗai. Ya kamata duk cizon da aka kawo asibiti labarinsa ya isa ofishin likitan dabbobi a ranar, domin a nemo karen a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, a kuma bincika ko ya ciji wasu. Ina kuma roƙon malaman makaranta da iyaye su riƙa gaya wa yara cewa duk wanda kare ko kyanwa ta ciza ko ta yagusa ya faɗa nan take, kuma ba za a yi masa faɗa ba, domin yara da dama tsoron duka ne ke sa su ɓoye raunin har ya warke.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku