Doki Bai Bar Fagen Yaƙi a 1903 Ba: Labarin Wani Sojan Doki na Ostireliya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan sharhin da jaridarku ta buga kwanan baya game da hawan sallah, inda marubucin ya ce tun ranar da Turawa suka karya dakarun Sakkwato a 1903 doki ya tashi daga dabbar yaƙi ya koma abin ado. Idan ƙasar Hausa yake nufi, ba ni da ja, amma da yake ya ce duniya baki ɗaya, sai na ga ya kamata in kawo labarin wani mutumin Ostireliya da ya mutu a cikin rundunar mahaya shekara 14 bayan wancan lokaci.

Sunansa Albert Cotter, ana yi masa laƙabi da Tibby. An haife shi a birnin Sidni a 1883, kuma kafin yaƙi ƙasarsa ta san shi a matsayin gwanin jifa a wasan kurket, domin ya buga mata manyan wasanni 21, har ya je Ingila a 1905 da 1909. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya shiga soja a 1915 yana da shekara 31, ya zaɓi rundunar mahaya duk da cewa shi ɗan birni ne, yawancin abokan aikinsa kuwa 'ya'yan makiyaya ne da suka tashi a kan sirdi. Ana gane su da hula mai faɗin baki wadda suke soka wa gashin wani tsuntsun ƙasarsu mai kama da jimina, abin da ba zai ba Bazazzagi mamaki ba, tunda mun san darajar gashin jimina a kayan sarauta.

Waɗannan mahaya ba irin barade da 'yan lifidanmu ba ne masu afka wa abokan gaba da mashi da takobi. Doki abin hawansu ne zuwa bakin daga, in sun isa sai su sauka, mutum ɗaya cikin kowane huɗu ya riƙe dawakan, sauran su yi yaƙi a ƙasa da bindiga. Irin wannan sojan doki yana cikin rundunar da ta tashi daga nan Zariya ta nufi Kano a farkon 1903, wato su kansu Turawan da ake cewa sun kashe amfanin doki, da shi suka ci mu. Cotter ya fara ganin wuta a Galifoli ta ƙasar Turkiyya, inda aka kai mahayan ba tare da dawakinsu ba saboda wurin duk tsauni ne da kwazazzabai. Daga baya aka mayar da shi runduna ta 12, aka ba shi aikin ɗauko waɗanda suka jikkata, ya yi wannan aiki a yaƙin Gaza na biyu a watan Afrilun 1917.

Ranar da nake so mai sharhi ya duba ita ce 31 ga Oktoban 1917. Sojojin Ingila sun kai wa Gaza hari sau biyu an kora su, sai kwamandansu Janar Allenby ya yanke shawarar a zagaya ta gabas a kama garin Bi'irus Saba'i da ke kudancin Falasɗinu, wanda Turawa ke kira Biyasheba, daga hannun Daular Usmaniyya (ta Turkiyya nake nufi, ba tamu ba). Abin da ake nema a garin shi ne rijiyoyinsa. Mahayan sun kwana suna tafiya a cikin hamada, wasu dawakan sun fi kwana guda ba su ga ruwa ba, kuma in har rana ta faɗi ba a shiga garin ba, sai dai a ja da baya a nemi mashaya. Da la'asar sakaliya Janar Harry Chauvel, babban kwamandan mahayan, ya ba da izini, Birgediya William Grant ya jera rundunoni na 4 da na 12, mahaya wajen 800, aka ce yau ba sauka, sukuwa za a yi. Ba su da takubba, sai kowa ya zare wuƙar bakin bindigarsa ya riƙe a hannu. Turkawa sun saba ganin su suna sauka daga nesa, saboda haka suka saita bindigoginsu a kan nisa, kafin su ankara harsasai suna wuce mahayan ta sama, dawakai kuma suna tsallake ramukan da suka fake a ciki. Garin ya faɗi kafin dare ya yi nisa, aka sami mafi yawan rijiyoyin ba a rusa su ba, aka kama fursunoni fiye da 700. Mahaya 31 suka mutu, Cotter yana cikinsu, an harbe shi yana bakin aikinsa na ɗaukar masu rauni. A farkon wannan wata na Oktoba ne kuma aka kashe ɗan'uwansa a fagen yaƙin Beljiyam.

Ni ɗan gidan dawaki ne, shi ya sa a duk labarin nan ba sukuwar ta fi tsaya mini a rai ba, ƙishirwar ce. Marigayi mahaifina, in an sauko daga hawan daushe, ba ya cire rawani sai ya sassauta majayi da hannunsa, ya sa yaro ya zaga da dokin a hankali har gumi ya bushe, sannan a kawo ruwa da ɗan kanwa, shi kuwa yana tsaye ya ɗora tafinsa a wuyan dabbar yana jin yadda take haɗiya. Wannan doki ne da ya yi yini ɗaya tak daga bargarsa zuwa ƙofar fada. Wanda ya taɓa ganin haka ya san cewa dokin da ya kwana yana tafiya da kaya mai nauyi, ya yini a rana ba ruwa, sannan ya yi sukuwa zuwa bakin igwa, ba ranar aka yi shi ba, kiwo ne da horo na shekaru. Dawakan nan ana kiransu Waler, daga sunan jihar New South Wales, kuma an san su da jure tafiya da ƙishirwa.

Kada a ɗauka yabon nasarar nake yi. Kwana biyu bayan faɗuwar garin, a ranar 2 ga Nuwamba, Ingila ta fitar da sanarwar Balfour mai goyon bayan kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, a watan Disamba kuma Ƙudus ta shiga hannunta, sauran labarin Falasɗinu duk mai sauraron rediyo ya san shi. A ƙarshen 1918 ma wasu daga cikin mahayan wannan yaƙi, akasarinsu 'yan New Zealand tare da wasu 'yan Ostireliya, sun kashe mazan Sarafand, wani ƙauyen Larabawa a Falasɗinu, wajen 40 don ramuwar kisan soja ɗaya, abin da Allenby da kansa ya yi tir da shi. Cotter bai kai wannan rana ba, amma tutar da ya mutu a ƙarƙashinta ita ce wadda 'yan ƙasarmu suka bi zuwa Kamaru da Gabashin Afirka a cikin yaƙin nan.

An binne shi a maƙabartar sojoji ta Biyasheba, kuma a 2015 an sa wa wata gadar masu tafiya a ƙasa sunansa a Sidni, kusa da filin da ya yi wasa. Dawakan kuwa, cikin kimanin 136,000 da Ostireliya ta aika wancan yaƙi, guda ɗaya ne ya koma gida, wani mai suna Sandy, dokin Janar Bridges da ya mutu sakamakon raunin da ya samu a Galifoli. Dokar hana shigo da cutar dabbobi da tsadar jirgin ruwa suka hana sauran komawa, aka miƙa masu ƙarfi ga sojojin Ingila da na Indiya, tsofaffi da marasa lafiya kuma aka harbe su.

Ina fata mai sharhi zai gyara shekarar da ya ambata idan ya sake rubutu a sallah mai zuwa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Ƙofar Doka, Zariya.