A mayar mana da wasan Moliyer zuwa Hausa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina so ne in yi kira ga malaman faransanci na lise-lise namu (wato makarantun sakandare) a nan Garwa da Marwa, wallahi yara na haddace wasannin Moliyer, marubucin wasan kwaikwayon nan na Faransa, don jarrabawa kawai, alhali maganar da ke ciki tamu ce.

Dubi wasansa Le Misanthrope da aka fara nunawa a Paris a 1666. Jarumin wasan, Alceste, mutum ne da ya tsani munafunci, wannan gaisuwa da dariya a gaban ido, ana juya baya sai gulma, har abin ya kai shi ga ƙin mutane baki ɗaya, amma kuma zuciyarsa ta faɗa wa Célimène wadda ita ce sarauniyar gulmar, a ƙarshe ya ce ta bi shi su ƙaurace wa jama'a ta ce sam. Ni dai ina bayansa kan munafunci, gaskiya ya faɗa, sai dai raina ɗan Adam gaba ɗaya ya wuce gona da iri, abokinsa Philinte ya fi shi haƙuri da mutane.

Don Allah malamai ku sa ɗalibai su yi wasan nan da Hausa a ƙarshen shekara, iyaye ma su zo kallo.

Mai karatunku daga Garwa, Kamaru