Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Magatakardan Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya (PCN)

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mun ga aikin da kuka yi tare da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, a Fabrairun 2024, lokacin da aka rufe shagunan dillalan magani a Sabon Garin Kano aka ce su koma cibiyar Dangwauro da ke kan titin Zariya. An yi ta ƙorafi, amma ni ina ganin matakin ya dace. Sai dai talaka ba a Dangwauro yake sayen magani ba, a kemis ɗin bakin layinsu yake saya, kuma kan wannan kemis ɗin nake son magana.

Dokar PCN ta 2022 ta ɗora wa hukumarku ba da lasisi da sa ido kan kantunan magani har da kemis. Mai kemis ba shi da hurumin yin allura ko ƙarin ruwa, kuma magungunan da aka yarje masa kaɗai zai sayar, a cikin kwalinsu na asali. To amma a leƙa bayan magariba a gani. Mutum ya miƙa kuɗi ya ce "a haɗa min na zazzaɓi," yaron shago ya ɓallo ƙwaya ja da fara da ruwan ɗorawa ya ƙulle a leda. Babu suna, babu ranar lalacewa. In abin ya ɓaci aka kai shi asibiti, likita ba zai san me ya sha ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, alhali a watan Afrilu zafin Kano yana kai 40, shagon kuma rufin kwano ne ba silin. Insulin na masu ciwon suga da allurar oksitosin da ake tsayar da jinin haihuwa da ita suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Firijin da ya kwana ba wuta ba zai ba su wannan ba. Kwalbar tana nan da lambar NAFDAC ɗinta, kyakkyawa, ƙarfin maganin kuwa ya ragu, mai jego tana ta zubar da jini.

Don haka ina roƙo jami'anku in sun shiga shago kada duba takardar lasisi ya ishe su. Su buɗe firiji, su nemi ma'aunin zafi da littafin da ake rubuta shi kullum. Kantin da ba shi da sola ko wata tsayayyiyar wuta, a hana shi ajiye waɗannan magunguna.

Rufe shago kuma a yi shi da lura, domin akwai ƙauyukan da mai kemis ne kaɗai ke kusa. Wanda ke sayar da kodin da tiramol ga matasa a miƙa shi ga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA. Wanda rashin sani ke damunsa a horar da shi da Hausa, a sa masa wa'adi. Sannan a riƙa sanar da jama'a ta rediyo yadda za su gane lasisin bana a jikin bango.

Na gode, Allah ya yi jagora.

Naka,
Wani mazaunin Kano