A daina ɓoye shirye-shiryen kimiyya a tsakar dare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da masu gidajen talabijin.

Kwanan baya na kalli wani shiri kan tarihin cutar agana, tun daga rigakafin da likita Edward Jenner ya gwada a Ingila a 1796, har zuwa 1980 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an kawar da cutar. Gani ya kori ji. Na ga yadda ma'aikatan lafiya ke bin ƙauyuka suna neman mai ciwon, su keɓe shi, sannan su yi wa duk waɗanda suka yi hulɗa da shi rigakafi. Da na karanta wannan a takarda, da wuya ya zauna mini haka.

To amma ƙarfe nawa aka sa shirin? Sha ɗayan dare, yara sun yi barci tuni! Wasan kwaikwayo kuwa ya mamaye lokacin da iyali ke zaune tare. A dawo da irin waɗannan shirye-shirye da yamma, kuma a fassara su cikin harshen masu kallo.

Naka,
Wani mai kallo